Kalmomin Ilmin Zaman Jama'a a Kan Hanyar Gwanja

Ɗalibin da aka ɗora wa haddar kalmomin labarin ƙasa da na tattalin arziki da na tarihi, kowane fanni a shafinsa dabam, yakan zaci ilmi uku ne waɗanda babu nasaba a tsakaninsu, alhali kuwa ƙwayar goro ɗaya ta isa ta tattaro su duka, muddin aka tambaya daga ina ta fito, wa ya kawo ta, kuma tun yaushe.

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa, sababin haka kuwa shi ne abin da malaman labarin ƙasa ke kira yanayi, wato halin ruwa da zafi da iska wanda wuri ya saba da shi shekara da shekaru, ba yadda gari ya waye yau kaɗai ba. Ruwan da Kano ke samu a shekara bai cika kai milimita 1,000 ba, Kumasi kuwa, a ƙasar Asante, takan sami kimanin 1,400, a damina biyu. Saboda haka can kurmi ne mai inuwa da laima, irin wanda itacen goro ke so, nan kuwa dajin ciyawa ne, wanda in aka ci gaba da nausawa arewa zai ƙare a hamada.

Daga wannan bambanci aka haifi fatauci, domin idan buƙatar abu tana wani wuri, wadatarsa kuma tana wani, lalle ne farashinsa ya ƙaru gwargwadon nisan da ke tsakaninsu da wahalar hanyar. Fataken goro na da, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, sukan ɗaure wa jakuna kanwa da turkuɗi da ƙirgi, su tashi cikin ayari a ƙarƙashin madugu, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, har su sauka Salaga a ƙasar Gwanja bayan watanni. Kayan nan da suka ɗauko su ne jari, ma'ana dukiyar da ba don a ci aka ajiye ta ba, sai don a juya ta ta haifi wata. A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe, har ma da wasu 'yan kasuwar, don sukan ɗauki dukan abin da ya shigo hannu a matsayin riba, bayan kuwa riba ita ce abin da ya saura bayan an fitar da uwar kuɗi, da kuɗin fito na masu jirgi, da harajin da sarakunan hanya suka karɓa, da la'adar dillali, da guzurin bayi da barori, da asarar goron da ya ruɓe a cikin huhu duk da yayyafin da ake yi masa a hanya. Falken da bai iya wannan lissafi ba, sau ɗaya yake zuwa Gwanja.

Shi kansa kuɗi, a istilahin wannan fanni, duk abin da jama'a suka yarda su karɓa ne a madadin kaya. A wancan zamani wuri ne, wanda asalinsa daga tsibiran Maldives yake a tekun Indiya; da 'yan kasuwar Jamus suka riƙa jigilar wani irinsa mai araha daga Zanzibar a ƙarni na 19, sai ya yi yawa, darajarsa ta faɗi, abin da ake saye da ɗari ya koma sai da ɗaruruwa. Wannan shi ne hauhawar farashi, kuma ba da takardar kuɗi ya fara ba.

Amma fa tambayar tun yaushe, masu tarihi ba sa amsa ta sai da madogara, wato rubutu ko riwaya ko kufai wanda za a kafa hujja da shi. Littafin Tarihin Kano ya ambata cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, cikin ƙarni na 15, aka buɗe hanyar Gwanja; sai dai tun da an rubuta littafin ne a ƙarshen ƙarni na 19, wajibi ne a auna maganarsa kamar yadda malaman hadisi ke auna isnadi. Ƙarshen hanyar ya fi farkonta bayyana: a 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, Salaga ta ɓalle daga Asante, goro ya yanke mata, a 1892 yaƙin basasa ya watsa kasuwarta, a 1911 kuma dogo ya iso Kano, goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, sa'an nan jirgin ƙasa. Da yawa daga fataken ba su komo ba, suka zauna a masaukansu, waɗanda su ne unguwannin zango na Gana a yau, a Kumasi da Akara da sauran garuruwa.