ADDU'A, AIKI DA HAƘURI: YADDA GIDAJEN KIRISTA KE RABA MATASA DA ƘWAYA

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk gidan da masifar shaye-shaye ta shiga, tambaya ɗaya ce ke hana iyaye barci, watau ina za a kai yaron nan? Asibiti akwai tsada, gadaje kuma kaɗan ne. Gidan yari kuwa ba ya gyara ɗan ƙwaya, sau da yawa ma ƙara kangarar da shi yake yi. Wannan ya sa a ƙasashe da dama iyaye ke komawa ga gidajen gyaran hali da masu addini suka buɗe. A cikinsu, na mabiya addinin Kirista sun daɗe suna wannan aiki har sun yi suna a duniya. Saboda haka ya kamata mai karatu, ko wane addini yake bi, ya san inda aikin ya samo asali, da yadda ake yin sa, da abin da yake iyawa, da kuma inda ƙarfinsa ya ƙare.

FASTON ƘAUYE A BIRNIN NIYOK

Mafi shahara a cikin irin waɗannan gidaje shi ne na ƙungiyar Teen Challenge ta Amurka. Wanda ya kafa ta wani fasto ne mai suna David Wilkerson, na ɗariƙar Assemblies of God, wanda ke riƙe da wata ƙaramar majami'a a garin Philipsburg cikin Jihar Pennsylvania. A farkon shekarar 1958, yana ɗan shekara 26, ya ga zanen wasu samari bakwai a mujallar Life, ana yi musu shari'a a birnin Niyok saboda kisan wani yaro ɗan shekara 15 mai suna Michael Farmer, wanda ya yi fama da shan inna.

Abin ya tsaya wa faston a rai, sai ya kama hanya ya tafi Niyok don ya gana da samarin. Da ya nemi magana da alƙali a cikin kotu, sai 'yan sanda suka fitar da shi, 'yan jarida kuma suka ɗauki hotonsa riƙe da Littafi Mai Tsarki. Abin da ya zama masa abin kunya shi ne kuma ya buɗe masa ƙofa, domin 'yan daban unguwanni da suka ga hoton sun ɗauke shi a matsayin wanda 'yan sanda suka wulaƙanta kamar yadda ake yi musu, suka yarda su saurare shi. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tuba a hannunsa shi ne Nicky Cruz, jigo a dabar da ake kira Mau Maus, wanda daga baya ya zama mai wa'azi.

Ba da daɗewa ba Wilkerson ya gane cewa wa'azin bakin titi kaɗai ba zai isa ba. Yaro zai tuba da dare har da hawaye, amma gari na wayewa jikinsa ya nemi hiroyin, dillali kuwa yana nan a bakin layi yana jiran sa. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana. Don haka a 1960 aka buɗe gida a unguwar Brooklyn inda yaran za su riƙa kwana, daga baya kuma aka sami gona a Rehrersburg ta Pennsylvania, nesa da birni, inda ake kai su su yi watanni. Littafin da ya ba da labarin aikin, The Cross and the Switchblade, ya fito a 1963, aka mai da shi fim a 1970, ta haka labarin ya bazu ko'ina. Wilkerson ya rasu a haɗarin mota a Jihar Teksas cikin Afrilun 2011, amma ƙungiyar tana da rassa a ƙasashe fiye da 100.

YADDA AKE ZAMAN GIDAN

Tushen aikin shi ne yadda suke kallon matsalar. Likita yana cewa kamuwa da ƙwaya ciwo ne da ke canja yadda ƙwaƙwalwa ke aiki. Su kuwa masu gidajen nan cewa suke yi asalin ciwon a zuciya yake, ƙwaya alama ce kawai ta zunubi, da kaɗaici, da rashin sanin dalilin rayuwa. A ganinsu, in ba a sake zuciyar ba, ko an wanke jinin mutum tas zai koma gidan jiya.

Don haka zaman ba na mako biyu ko uku ba ne. A Teen Challenge mutum kan yi wata 12 zuwa 18. Ana tashi da asuba a yi sujada da karatun Littafi Mai Tsarki, sannan kowa ya kama aikin da aka ba shi, ko shara, ko girki, ko noma, ko koyon sana'a. Babu taba, babu giya, babu fita sai da izini, kuma ana yanke hulɗa da tsofaffin abokai, tun da zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Da yawa daga cikin masu lura da gidan su ma tsofaffin mashaya ne da suka warke a nan, don haka sabon shiga ba ya iya yi musu ƙarya, ba ya kuma iya cewa ba su san zafin abin da yake ji ba.

Ba Amurkawa kaɗai ke da irin wannan ba. A 1966 wata Baturiyar Ingila, Jackie Pullinger, ta sauka a Hong Kong tana 'yar shekara 22, ta shiga unguwar nan ta Kowloon da ta yi ƙaurin suna wajen hiroyin, ta riƙa ɗaukar mashaya tana zama da su ana addu'a har su wuce kwanakin wuya. A Italiya, wata sista ta ɗariƙar Katolika, Elvira Petrozzi, ta buɗe gidan Cenacolo a garin Saluzzo a 1983. A can, duk sabon shiga akan haɗa shi da wani tsohon zama da suke yi wa laƙabi da mala'ika mai tsaro, wanda ba ya rabuwa da shi dare da rana. A wannan shekarar ce kuma aka fara gonar Fazenda da Esperança a Barazil, wadda Paparoma Benedict na 16 ya ziyarta a 2007.

Idan mai karatu ya lura, abu huɗu ne ke maimaituwa a dukkansu: lokaci mai tsawo, nisanta da inda aka saba sha, aikin hannu, da jama'ar da ke karɓar mutum ba tare da kyara ba. Wanda unguwa ta yi wa tambari da ɓarawon gida, a nan ana kiran sa ɗan'uwa, a ba shi amanar makullin ɗakin ajiya. Wannan abu ne da allura ba ta iya bayarwa.

MAGANAR ALƘALUMA

To, amma aikin yana ci? A nan ne ake bukatar natsuwa. Shekara da shekaru magoya bayan Teen Challenge suna cewa kashi 70 zuwa sama da 80 cikin 100 na mutanensu suna rabuwa da ƙwaya. Tushen maganar wani bincike ne da Dakta Catherine Hess ta jagoranta a tsakiyar shekarun 1970 da kuɗin gwamnatin Amurka. Sai dai waɗannan manyan alƙaluma na waɗanda suka kammala zaman ne kaɗai, alhali mafi yawan waɗanda suka shiga sun fice tun kafin a kai ƙarshe.

Ga misali don a gane. A ce mutum 100 suka shiga gida, 20 suka jure har ƙarshe, 16 daga cikinsu suka tsaya ba su koma ba. Mai gidan zai ce ya ci nasara kashi 80, kuma bai yi ƙarya ba. Amma uban da ya kawo ɗansa ranar farko, lissafinsa 16 ne cikin 100. Saboda haka duk wanda aka faɗa wa adadin waɗanda suka warke, ya tambayi adadin waɗanda suka shiga.

Duk da haka, akwai shaida mai ƙarfi cewa taron 'yan'uwa masu ciwo iri ɗaya yana taimako. Ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta masu neman barin giya, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka fara a garin Akron a 1935, ta tsiro ne daga wata ƙungiyar Kirista mai suna Oxford Group, ko da yake daga baya ta buɗe ƙofarta ga kowa. A 2020 masanan Cochrane sun tattara bincike 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000, suka ga cewa tsarin da ke kai mashaya ga wannan ƙungiya yana yin daidai da hanyoyin masana halayyar ɗan Adam, wani lokaci ma ya fi su wajen sa mutum ya bar giya ɗungum. Amma a lura, wannan bincike a kan giya ne.

INDA LIKITA YA ZAMA DOLE

A farkon aikin Teen Challenge ba a ba mashayi wani magani. Akan zauna da shi ne ana addu'a yana amai, yana zawo, yana rawar ɗari, har kwanakin su wuce. Ga mai shan hiroyin, azabar takan kai ƙololuwa a kwana na biyu zuwa na uku, ta lafa bayan kamar mako guda. Amma wanda ya daɗe yana shan giya da yawa, ko ƙwayoyin sa barci irin su Valium, in aka yanke masa farat ɗaya yana iya faɗuwa da farfaɗiya, har ya rasa ransa. Irin wannan sai a gaban likita.

Haɗari na biyu yana zuwa ne bayan fita. Wanda ya yi watanni bai sha ba, jikinsa ya manta da ƙwayar. Ranar da ya zame ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Abin mamaki, a birnin Niyok ɗin nan dai, a tsakiyar shekarun 1960, likitoci biyu, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka nuna cewa maganin methadone yana kwantar da ƙishin hiroyin har mutum ya koma aiki. Shi da wani mai suna buprenorphine suna rage mutuwar masu shan irin waɗannan ƙwayoyi da kusan rabi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna a 2005. Wasu gidajen addini sun ƙi su, suna cewa musanya ƙwaya ce da ƙwaya, wasu kuwa sun sassauta suna aiki tare da asibiti.

Rigimar ta taɓa kai wa gaban hukuma. A 1995 hukumar Jihar Teksas ta nemi rufe reshen Teen Challenge na San Antonio saboda ma'aikatansa ba su da lasisin ba da shawara. Gwamna George W. Bush ya goyi bayan ƙungiyar, a 1997 kuma aka yi dokar da ta sassauta wa gidajen addini. Masu suka suka ce, to wa zai duba in an cuci wani a bayan katanga?

MU A NAN GIDA

Wannan tambaya ta shafe mu kai tsaye. Binciken da Ofishin Ƙididdiga na Ƙasa ya yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun taɓa ƙwaya cikin shekara guda a Nijeriya. Miliyan 10.6 tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 kuwa magungunan kashe zafi irin su taramol. A 2018 ne gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Aro a Abeokuta da na Barnawa a Kaduna ba za su iya ɗaukar wannan taro ba, don haka majami'u suka shigo, kamar ƙungiyar CADAM ta majami'ar Redeemed mai gida a Epe ta Jihar Legas, da House of Refuge na gidauniyar Dakta Tony Rapu, wanda fasto ne kuma likita.

Sai dai ba kowane gida mai allon addini a ƙofa ne wurin warkewa ba. A Nuwamban 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure mutane da mari a wurare dabam-dabam a ƙasar nan, na Kirista, da na Musulmi, da na gargajiya, har da na gwamnati. Duka da mari da tilasta azumi ba sa cikin abin da ya ɗaukaka gidajen da muka ambata a sama. Su ƙofarsu a buɗe take, shi ya sa ma ake ƙirga waɗanda suka fice.

Saboda haka, iyayen da ke shirin kai ɗansu irin wannan gida su tsaya su yi tambaya. Shin akwai likita ko nas da ke duba sabon shiga? Ana barin mai ciwon ƙwaƙwalwa ya ci gaba da shan maganinsa? Za a bar ku ku shiga ku ga ɗakin kwana da idonku? Yaron ya san addinin gidan kuma ya yarda da kansa? Wace sana'a zai fito da ita, kuma wa zai bi sawunsa bayan ya dawo unguwa? Mai gidan da ya fusata da waɗannan tambayoyi ya riga ya ba ku amsa.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gidajen nan sun nuna wa duniya cewa wanda aka fid da rai da shi yana iya dawowa mutum in ya sami masu haƙuri da shi. Likitoci kuma sun nuna cewa sai yaro yana da rai sannan zai tuba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka fasto da likita da iyaye su kama tare. Allah Ya shirya mana zuri'a.