Yuka: baƙuwar da ke fure a Ingila amma ba ta iri

In sarin kaya ya kai ka Ingila tsakanin Yuli da Satumba, duba ƙofar gidaje. Za ka ga wata shuka mai ganye tsini-tsini, ta fito da doguwar sanda cike da fararen furanni kamar ƙananan ƙararrawa. Sunanta yuka, kuma sunan ya dace, don ganyen na suka kamar yuƙar Sakkwatawa.

Asalinta Meziko da kudancin ƙasar Amurka. A can akwai wani ɗan malam-buɗe-littafi na dare da ke kwasar garin fure ya cusa wa wani furen, bayan ya saka ƙwansa a ciki. Tsutsotsinsa su ci kaɗan daga ƙwayoyin, sauran su zama iri. To, Turawa sun ɗauko shukar, ƙwaron bai biyo ta ba. Shi ya sa take fure fal, amma da wuya ta yi iri.

Masu lambu a can ba sa zaman jira. Furen na bushewa sai su sare sandar, su ɓalle 'ya'yan da ke tsirowa a gindinta su dasa. Alhaji, in za ka shiga sana'ar dashe, ɗan gindi za ka nema.