Sanyin da Ya Raba Jirgi Gida Biyu

Ranar 16 ga Janairun 1943, jirgin dakon mai Schenectady yana ɗaure a tashar Portland ta jihar Oregon a Amurka. Sabo ne fil, ruwa kuma a kwance yake. Kwatsam sai aka ji wata irin ƙara, jirgi ya dare gida biyu. Babu abin da ya taɓa shi sai sanyin hunturu.

Ba shi kaɗai ba. A Yaƙin Duniya na Biyu Amurka ta ƙera jiragen kaya 2,710 samfurin Liberty cikin gaggawa, da yawansu kuwa suka tsattsage a arewacin Tekun Atlantika. Nan da nan aka ɗora laifi kan masu walda, tunda akasarinsu sababbin hannu ne, ƙaramin ma'aikaci kuma ba ya wuyar zargi.

Constance Tipper, masaniyar ƙarafa a Jami'ar Cambridge, ita ta nuna cewa cutar tana jikin ƙarfen. Kowane maƙeri ya san wuta na tausasa ƙarfe har ya bi guduma. Sanyi kuwa gautsi yake sa masa. Ƙwayoyin zarra na ƙarfe a jere suke sahu-sahu. In nauyi ya danne shi, sahun nan kan zame bisa juna, shi ya sa yake lanƙwasa maimakon ya karye. Da sanyi ya wuce wani mizani, zamewar sai ta gagara, duk nauyin ya taru a bakin wata 'yar tsaga da ido ba ya gani, ita kuma ta keta cikin ƙiftawar ido. Ƙarfen jiragen nan yana kaiwa wannan mizani a sanyin teku na yau da kullum.

Ƙirar ma da nata laifin. Tsaga kan faro daga kusurwar ƙofofin loda kaya, kuma da yake walda ta mai da gangar jirgi falle guda, babu inda za ta tsaya. Sai aka zagaye kusurwoyin, aka ƙara ɗamarar ƙarfe da aka kafe da ƙusoshi don tare tsaga, daga baya aka ƙara sinadarin manganis a ƙarfen.

Jan ƙarfe da alminiyum ba su da wannan lalura, domin jerin zarrarsu daban ne. Shi ya sa tankunan iskar gas da ake sanyayawa zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri ake yin su da alminiyum, ko da ƙarfen da aka gauraya da nikel kashi 9 cikin 100.