Dalilin da Ya Sa Ba Mu Sa Dukiyar Waƙafi a Cinikin Aro

Wasu kwamitocin masallatai na Wamakko sun nemi bayani game da wani ciniki na kasuwar hannun jari, wanda mai yin sa ke samun riba idan farashi ya faɗi.

Akwai asusun da ke tara takardun bashin gwamnati, a kasa shi kashi-kashi ana sayarwa. Kamfanin Vetiva ya shigar da irinsa kasuwar Legas a 2016. Mai hasashen faɗuwar farashi yakan ari kaso ta hannun dillali, ya sayar a naira 100, alal misali. In ya sauka zuwa 90, sai ya sayo ya mayar, ya riƙe 10, a cire ladan aro. In kuwa ya hau, asarar ba ta da iyaka. Jimillar abin da aka ara aka sayar, ba a mayar ba, ita ke nuna yawan masu jiran faɗuwar, wadda takan zo idan kuɗin ruwa ya tashi.

Mun nisanci wannan ciniki saboda dalilai uku: takardun bashin na ruwa ne, ladan aron ƙari ne a kan bashi, sannan asalin waƙafi amana ce, amfaninsa kaɗai ake ci.

Abin da muka aminta da shi shi ne Sukuk. Gwamnatin Tarayya ta fara fitar da shi a 2017, na naira biliyan 100, domin gina hanyoyi, kuma kuɗin haya yake biya. Muna roƙon kowane kwamiti ya tuntuɓi malamai kafin ya miƙa wa dillali kuɗin masallaci.