AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Wa Ke Biyan Kuɗin Musayar Ɗalibai Tsakanin Jami'o'i?

Tambayar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomi kuma mai sayar da hatsi, wanda ya ce yana da ɗa a jami'a. Ya ce ya ji a labaran duniya ana batun wani shiri mai suna Erasmus, wai Birtaniya ta fice daga cikinsa kuma za ta koma, har jami'o'inta na ta murna. Shi ne yake tambaya: mene ne wannan shiri, wa ke biyan kuɗinsa, kuma ko ya shafi 'ya'yan talakawa irin nasa?

To Malam, mun gode da wannan tambaya, ga kuma amsa.

Shi dai Erasmus shiri ne na Tarayyar Turai da aka kafa a shekarar 1987. An sa masa sunan wani malami mutumin Holan da ya rasu a 1536, wanda ya yi ta yawon neman ilmi ƙasa-ƙasa. A shekarar farko ɗalibai 3,244 ne daga ƙasashe 11 suka amfana.

Ga yadda abin yake. Jami'o'i biyu na ƙasashe daban-daban sai su ƙulla yarjejeniya, wannan ta aika wa waccan ɗalibanta, waccan ma ta aiko nata. Ɗalibi ya yi 'yan watanni ko shekara guda a can, ba ya biyan kuɗin makaranta ga jami'ar da ta sauke shi, ana kuma ba shi ɗan tallafin mota da abinci da masauki. In ya dawo, makin da ya samo a can sai a lissafa masa a gida. Malamai da ma'aikata su ma sukan je na 'yan kwanaki ko makonni, su koyar, su kuma koyo.

Kuɗin kuwa daga asusun Tarayyar yake fitowa, tamkar dai asusun ƙungiyar manoma, kowace ƙasa na zuba nata gwargwadon ƙarfin arzikinta. Daga 2014 zuwa 2020 an ware wa shirin yuro biliyan 14.7, daga 2021 zuwa 2027 kuwa sama da yuro biliyan 26.

To ina rigimar ta samo asali? A 2016 mutanen Birtaniya suka jefa ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai. A watan Disamba na 2020 Firayim Minista na lokacin, Boris Johnson, ya ce ƙasarsa ba za ta ci gaba da Erasmus ba, domin ya yi tsada. Hujjar gwamnati ita ce, ɗaliban da ke shigowa Birtaniya sun kusa ninka waɗanda ke fita, don haka abin da za ta zuba ya fi abin da za ta kwasa. Sai ta kafa nata shirin mai suna Turing a 2021, da kimanin fam miliyan 110 a shekarar farko.

Jami'o'i dai sun karɓi sabon shirin, sun kuma yaba masa ta wasu fuskoki: ɗalibi na iya zuwa kowane sashe na duniya, akwai tafiya ta 'yan makonni ga wanda ba zai iya daɗewa ba, ana kuma ƙara wa 'ya'yan marasa ƙarfi kuɗi. Amma sun yi ta kokawa a kan abubuwa huɗu.

Na farko, Turing masu fita kawai yake ɗaukar nauyinsu, ban da masu shigowa. Shi kuwa sha'anin musaya ba ni gishiri in ba ka manda ne. In ba ka sauki ɗan wani ba, da wane ido za ka ce ya sauki naka kyauta? Dole kowace jami'a ta bi takwarorinta ɗaya bayan ɗaya tana neman a yafe wa ɗalibanta kuɗin makaranta.

Na biyu, suka ce gwamnati ba ta yi lissafin daidai ba. Baƙon ɗalibi yana biyan haya, yana sayen abinci, yana hawa mota. Duk ɗan kasuwa ya san garin da fatake ke sauka ba ya rasa ciniki, daga mai masauki har mai tuwo.

Na uku, kasafin Erasmus na shekara bakwai ne, shi kuwa Turing kowace shekara sai jami'a ta sake nema, kuma sau da yawa amsa ba ta zuwa sai tafiya ta matso. Ɗan mai hali zai iya kama ɗaki ya sayi tikiti kafin kuɗi su fito. Ɗan talaka fa? Sai ya haƙura.

Na huɗu, Turing bai tanadi musayar malamai ba, alhali malamai su ne ke ƙulla zumuncin da ɗalibai ke bi. Zumunta kuwa a ƙafa take. Ganin haka ne gwamnatin yankin Wales ta buɗe nata shirin mai suna Taith a 2022 da fam miliyan 65, wanda ya haɗa masu fita da masu shigowa, ɗalibai da malamai.

Daga bisani, a watan Disamba na 2025, Birtaniya da Tarayyar Turai suka sanar cewa Birtaniya za ta koma Erasmus a 2027, za ta biya kimanin fam miliyan 570 bayan an yi mata ragin kashi 30 cikin 100. Murnar da ka ji ke nan. Sai dai cinikin na shekara guda ne, abin da zai biyo baya sai an sake zama.

Saura batun ɗanka, Malam. Tun 2015 aka buɗe ƙofar musayar ga jami'o'in da ke wajen Turai, har da na Afirka, amma sai in jami'arsa tana da yarjejeniya da wata ta can. Don haka ya je ofishin da ke kula da hulɗa da ƙasashen waje a jami'arsu ya tambaya. Akwai kuma wani reshe mai suna Erasmus Mundus na masu neman digiri na biyu. Wanda ya yi nasara ana ɗauke masa kuɗin makaranta, a kuma riƙa ba shi kuɗin hannu duk wata. 'Yan Nijeriya na cikin 'yan Afirka da suka fi samun wannan gurbi. Ta intanet ake nema kai tsaye, galibi tsakanin Oktoba da Janairu, kuma sakamako mai kyau da iya Turanci su ne jarin mai nema. Ya fara shiri tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Gargaɗinmu shi ne, wannan harka ba ta da dillali. Duk wanda ya ce ka sayar da sa ko ka jinginar da gona ya samo wa ɗanka gurbin Erasmus, to ka riƙe kuɗinka, macuci ne.