Yadda Za A Zaɓi Rigar Ruwa Ta Gari

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a ƙasar Cadakori da Gidan Runji damina takan kankama daga watan Yuni zuwa Satumba, ruwa kuwa ya fi yawa a cikin Agusta. Kakanninmu da kabido na kaba suke kare kansu. Yau kuwa rigunan ruwa sun cika kasuwar Maraɗi da kasuwannin ƙauye, sababbi da na gwanjo. Duka ana ce musu rigar ruwa, amma ƙirarsu daban-daban ce, kuma kowace da aikin da ya dace da ita.

Iri na farko: rigar roba

Wannan ita ce mai kauri da santsi, ruwa ba ya ratsa ta ko kaɗan. Dabarar tsohuwa ce, domin tun a shekarar 1823 wani Bature na ƙasar Sikotilan, Charles Macintosh, ya sanya roba tsakanin yadi biyu don tare ruwa. Aibinta shi ne, kamar yadda take hana ruwa shiga, haka take hana gumi fita. Mai noma da ita zai jiƙe daga ciki. Ta dace da ɗan kabu-kabu da mai amalanke, waɗanda suke zaune iska tana bugunsu.

Iri na biyu: yadi mai shafe

Yadi ne na nailan wanda aka shafa wa roba siririya ta ciki. Ba shi da nauyi, ana naɗe shi a sa cikin jaka, kuma ya fi araha. Sai dai shafen yana ɓarewa da zafi da yawan wanki. Idan ka ga cikin rigar yana zubar da farin gari ko yana danƙo, to ta gama aiki.

Iri na uku: yadi mai numfashi

An yi shi ne domin masu hawan duwatsu da masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a Turai da Amurka, kuma yakan iso mana cikin dilar gwanjo. A cikinsa akwai wata fata siririya mai ƙofofin da ido ba ya gani: ɗigon ruwa ya fi ƙarfin shigarsu, amma tururin gumi yana fita. Wanda ya fi suna shi ne Gore-Tex, wanda asalinsa binciken Bob Gore ne a Amurka a 1969. Akwai mai hawa biyu, wanda aka yi wa shafi na raga yana reto daga ciki. Akwai mai hawa uku, wanda aka manne yadin waje da fatar da shafin wuri guda. Wannan ya fi ƙarko ga mai aikin ƙarfi. Amma a kula, da yawa cikin rigunan ƙanƙara an cusa musu abin ɗumi kamar auduga. Waɗannan na hunturu ne, a damina wahala kawai za su ba ka.

Abin dubawa kafin biyan kuɗi

1. Juya rigar ka dubi ɗinki. Kowace hudar allura ƙofar ruwa ce. Riga ta gari an liƙe ɗinkinta da zirin roba ta ciki, musamman a kafaɗu da hula.
2. Ɗaga ta ga hasken rana, ka nemi huda ko wurin da ya soma lalacewa.
3. Lanƙwasa yadin kamar ƙoƙo, ka zuba ruwan buta, ka ɗan jira, sannan ka shafa bayansa.
4. Idan ka ga lamba kamar 5.000 ko 10.000 mm, tana nuna nauyin ruwan da yadin yake iya tarewa sa'ad da yake sabo. Babbar lamba ta fi.
5. Zaɓi mai yalwa, domin iska ta zagaya jiki.

Maganar lafiya

Zama cikin jiƙaƙƙun tufafi yana sa jiki ya yi sanyi ƙwarai, balle ga yara masu kiwo da tsofaffi, gumi kuma da ya kwanta a fata yana kawo ƙuraje da ƙaiƙayi. Da isa gida a tuɓe, a goge jiki, a sauya tufafi. Wanda zazzaɓi ya kama a damina ya tafi likita a gwada jininsa, kada ya ce dukan ruwa ne kawai, domin lokacin cizon sauro ne.

Ga masu feshin wake da maganin ƙwari, rigar roba mai santsi ita ce ta dace, domin magani ba ya saurin shiga cikinta. Bayan feshi a wanke ta ita kaɗai da sabulu, nesa da rijiya, kada kuma yaro ya sa ta.

Kowace riga ka saya, ka shanya ta a inuwa, kada ka buga ta a kan dutse, kada ka naɗe ta da danshi. Ta roba idan ta yage, mai facin keke zai gyara maka.