Baƙar Fumfuna a Gidajen Biranen Gaɓar Teku

Fumfuna halitta ce mai rai, dangin laimar kwaɗi, kuma ƙwayoyin da take yaɗuwa da su suna cikin iskar kowane gida. Ba sa tsirowa sai sun sami danshi mai daɗewa da abin ci, wato katako, kwali, yadi, fata ko ƙurar da ta manne a fenti. Nau'o'i da yawa suna fitowa baƙi, amma wanda ya yi ƙaurin suna shi ne Stachybotrys chartarum, mai son allon silin da takarda da suka kwashe kwanaki a jiƙe. Launi kaɗai ba ya nuna wane nau'i ne a bango. Haka kuma farin garin da ke ɓarɓashi a gindin katanga galibi gishirin da ruwa ya fito da shi ne daga siminti, ko da yake shi ma shaida ce cewa bangon yana shan ruwa.

A Legas, Fatakwal, Kalaba, Duwala da Akra, laimar iska takan haura kashi 80 cikin 100 da damina, alhali hukumar kare muhalli ta Amurka tana ba da shawarar kada ta cikin ɗaki ta kai kashi 60. Abin da ya jiƙe, in ya yi awa 24 zuwa 48 bai bushe ba, fumfuna na iya kama shi. Gidan Kano ko Damagaram yana da watannin hunturu da bazara masu busar da shi ƙarau. Na bakin teku ranin da yake samu gajere ne.

Sai dai yanayin nan ba sabo ba ne. Abin da ya sauya shi ne gini. Tsofaffin gidajen waɗannan birane suna da rufi mai tsawo, baranda, da tagogi masu fallayen gilashi da iska ke ratsawa ko ana ruwa. Yanzu fili ya yi tsada, gida yana jingine da gida, tagar alminiyam mai zamewa rabinta kawai ke buɗewa, ɗakin haya kuwa sau da yawa taga ɗaya gare shi. Unguwanni irin su Lekki da Ajah an gina yawancinsu a kan fadamar da aka cike da yashi, ruwa yana kusa da saman ƙasa. Idan magini ya tsallake shimfiɗar leda ko kwalta da ake sawa tsakanin fandisho da bulo, don rage kuɗi, bango zai riƙa tsotsar ruwa daga ƙasa muddin gidan yana tsaye. Na'urar sanyaya ɗaki tana rage laima in tana aiki, amma da an ɗauke wuta, iska mai ɗumi ta shigo ta tarar da bango da sanyi, sai raɓa ta sauka a kai. A unguwannin da jama'a suka cunkushe, ciki har da Agege da Nima inda Hausawa ke da yawa, girki da shanyar kaya a cikin ɗaki suna ƙara tururi. Ambaliya, irin ta 2012 da 2022 a Najeriya, tana barin gidaje da danshi na watanni bayan ruwa ya janye.

Wajen illa ga lafiya akwai zuzutawa, akwai kuma sakaci. An danganta zubar jini da aka samu a huhun wasu jarirai a Cleveland ta Amurka a 1993 da 1994 da gubar Stachybotrys, daga nan tsoron “baƙar fumfuna mai guba” ya bazu. A 2000 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta sake duba binciken ta ce ba a tabbatar da alaƙar ba. Abin da ya tabbata, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2009, shi ne zama a gida mai danshi da fumfuna yana ƙara tari, toshewar hanci, ciwon ƙirji da tashin asma. Yara, tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki su suka fi jigata. Mutuwar Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu a Rochdale ta Ingila a Disambar 2020, wadda bincike ya ɗora wa daɗewar shaƙar fumfuna, ta haifar da dokar da ke tilasta wa masu gidajen hayar jama'a gyara cikin wa'adi.

Asarar dukiya ba ta buƙatar dogon bayani: katifa, takalma, littattafai da atamfar da ke ajiye a akwati duk sukan tafi.

Kawar da fumfuna yana farawa ne daga toshe hanyar ruwa: yoyon kwano, fasasshen bututu, magudanar da ta toshe. Tabon da bai kai murabba'in mita ɗaya ba, mai ɗaki zai iya goge shi da ruwa da omo, sanye da safar hannu da takunkumi, taga a buɗe. Mai son bilic ya sa kofi ɗaya a ruwa kamar lita huɗu, kada ya gauraya shi da wani sinadarin wanki, domin haɗin yana iya fitar da iska mai guba. Tayil da gilashi suna wankuwa. Silin, kafet da katifar da fumfuna ta shige sai zubarwa. Matsar da kabad daga jikin bango da shanya kaya a rana suna hana ta dawowa da wuri.

Inda gizo ke saƙar shi ne haya. Mai gida ya karɓi kuɗin shekara, gyaran fandisho ko rufi yana da tsada, sai ya shafa fenti a kan tabon kafin sabon ɗan haya ya shigo. Ɗan haya kuma ba zai kashe kuɗi a ginin da ba nasa ba. Fentin da aka shafa a kan bango mai danshi yakan kumbura ya ɓare, tabon ya sake bayyana da damina mai zuwa, saboda ruwan da ke ciyar da shi yana nan.